Labon awon ruwa a Maraɗi: da wace na'ura za a fara?

Tambaya: Mu uku ne muka haɗa jari za mu buɗe ɗan labo na awon ruwa a Maraɗi, don masu ruwan sashe, masu gina foraj da ƙungiyoyin da ke aikin rijiyoyi a karkara. Wani dillali ya turo mana farashin kaya uku, ya ce su ne sabon yayi: mutum-mutumi mai aikin pipet (abin ɗibar ruwa daidai awo) da kansa, na'urar ICP mai gano ƙarafa, da fotometa mai auna abubuwa da yawa ta hanyar launi. Kuɗinmu ba zai ɗauki duka ba. Da wanne za mu fara?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a wannan niyya. A cikin ukun nan fotometa kaɗai ce za ta shiga sayayyarku ta farko, ita ma ba ita ce a kan gaba ba. Sauran biyun ba mu kushe su ba, amma an ƙera su ne don labon da ke karɓar ɗaruruwan samfur a yini, wanda kuran ɗinsa ba ya ƙiftawa, motar gas kuma tana tsayawa a ƙofarsa duk mako. Ku ajiye takardar dillali tukuna, ku dubi abin da ke cikin ruwan jihar nan, shi ne zai faɗi na'urar da ta dace.

Abu uku ne suka fi cutar da mai shan ruwa a nan. Na farko fulor. Ba wanda ya manyanta a Maraɗi da bai san labarin Tibiri ba: daga 1985 har wajen 2000 garin yana shan ruwan foraj mai zurfi wanda fulor ɗinsa ya ninka ƙa'ida sau uku zuwa huɗu, haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Na biyu nitirat, mai tsiyaya daga masai, turken dabbobi da takin zamani ya sauka cikin rijiyoyi marasa zurfi, a unguwanni masu cunkoso da lambunan bakin Gulbi. Iyakarsa 50 mg/L, kuma jariran da ake dama wa madara da ruwan su ne ya fi bugawa, don yana hana jininsu ɗaukar iska. Na uku ƙwayoyin cuta masu biyo bayan gida, waɗanda E. coli ke nuna alamarsu. Ba a yarda a samu ko guda cikin mililita 100 ba. Kwalarar 2018 da ta faro daga yankin Madarunfa da wadda ta biyo a 2021 sun isa shaida.

To ga abin da ba a rubuta a takardar farashin ba: ICP ba ta auna ko ɗaya daga cikin ukun. Wutar gas ɗin argon da take ƙona samfur da ita ba ta iya sa fulor ya ba da hasken da za a karanta. Nitirat kuwa haɗin azot da iskar oksijin ne, wutar tana tarwatsa shi, azot ɗin iskar ɗaki kuma ya rufe komai. Ƙwayar cuta dama sai an rene ta ake ƙirga ta. Wato na'urar da ta fi tsada a jerin ba za ta amsa tambayar mai foraj ko mai sashe ba.

Mu fara da pipet, tunda kowane awo ta bakinta yake bi. Mutum-mutumin zuba ruwa, irin OT-2 na Opentrons ko manyan na Hamilton da Tecan, aikinsa cika faranti mai ramuka 96 da ɗigon mikrolita (µL, kashi ɗaya cikin dubu na mililita) kaɗan, kamar a gwajin PCR. Awon ruwan sha kuwa da mililita 10, 50 ko 100 ake yin sa. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, ga shi kuma akasari sai da kon ɗin kamfaninsa, wato bakin roba da ake sa wa pipet, yake aiki. Abin da kuke bukata pipet uku ne na hannu: mai ɗaukar 20 zuwa 200 µL, mai 100 zuwa 1000 µL, da mai 1 zuwa 10 mL. Ku haɗa da kwalaben awo masu dogon wuya na aji A (50, 100 da 1000 mL), famfon da ake ɗaurawa a bakin kwalba don zuba asid ba tare da an taɓa shi ba, biret mai lambobi don awon taurin ruwa da gishiri, da sikeli mai karanta 0.1 mg. In kuɗi ya ragu, pipet mai batir tana da amfani guda na gaske: ita ke tsotsa da saurinta, don haka hannun ma'aikacin safe da na maraice ya zama ɗaya.

Sikelin shi ne alƙalin pipet, kuma ga yadda ake shari'ar. A ajiye tataccen ruwa, pipet da kon a ɗakin awo kamar awa biyu su ɗauki zafi ɗaya. A auna zafin ruwan. A ɗora ƙaramar kwalba mai ƙunƙuntaccen baki da ɗan ruwa a ciki, a mai da sikeli sifiri. A saita pipet a 1000 µL, a tsotsa a zubar sau biyar don iskar cikin kon ta jiƙa, sannan a tsotsa a zuba a kwalbar, a rubuta nauyi. Sau goma ake yi. Mililita guda na ruwa ba ya kai giram guda cif a kan sikeli, saboda haka ana ninka nauyin da wani adadi: 1.0029 a digiri 20, 1.0040 a digiri 25, 1.0054 a digiri 30. A digiri 30 ke nan, pipet mai gaskiya za ta nuna wajen 994.6 mg, kada wani ya ga haka ya ce ta gaza ya kama murɗa ta. Ƙa'idar awon pipet ta duniya, ISO 8655, ta yarda matsakaicin awon ya kauce da 8 µL sama ko ƙasa, bambancin da ke tsakanin awo goman kuma kada ya wuce 3 µL. Sai a sake a 500 da 100 µL.

A nan akwai wani tarko. Waɗannan 8 µL ba sa raguwa don an rage saiti. Wanda ya ɗebi 100 µL da pipet mai 1000, kuskuren da ƙa'ida ta yafe masa kashi 8 cikin 100 ne. A ɗebi 100 µL da ƙaramar, ita iyakarta 1.6 µL. Sikelinku mai 0.1 mg ya isa gwada pipet mai cin 200 µL zuwa sama. Ƙasa da haka sai mai karanta 0.01 mg.

Yanayin garin nan yana yi wa pipet illa ta hanyoyin da littafinta bai cika faɗa ba. Irin wannan pipet da iska take jan ruwa, akwai ginshiƙin iska tsakanin fiston, wato sandar da ke hawa da sauka a cikinta, da ruwan. Da hunturu iska bushe take ƙayau, ruwan da aka tsotsa yana yin tururi cikin wannan ginshiƙi, ya tura ɗigo waje, sai a zuba ƙasa da abin da aka saita. Maganin shi ne jiƙa kon kafin kowane awo, ba a gwaji kaɗai ba. Lokacin gwajin sikeli kuma a ajiye ɗan faranti mai ruwa cikin akwatin gilashinsa, a gama kowane awo cikin ƙasa da minti guda. Samfurin da aka fito da shi daga firijo yana sa pipet ta zuba fiye da saiti, mai ɗumi kuma ƙasa da saiti, don haka a bar shi ya ɗauki zafin ɗaki tukuna. A riƙe pipet a tsaye, a nutsar da bakin kon milimita 2 zuwa 3, a saki maɓalli a hankali, a jira daƙiƙa guda kafin a ɗago. Kada a kwantar da ita da ruwa a baki, musamman asid. Tururinsa ke cin fiston. Ƙurar hunturu kuwa tana haɗuwa da man fiston ta zama kamar yashi, ta cinye zoben roba. Gwajin yoyo na kowace safiya bai fi daƙiƙa 30 ba: a tsotsa, a riƙe a tsaye, in ɗigo ya taru a baki to ko kon bai zauna ba ko zobe ya mutu. Ku sayi zobba da man tun ranar da kuka sayi pipet. Kon na kasuwa mai arha wanda bai kama bakin pipet sosai ba shi ne ya fi ɓata awo a ƙananan labo.

Yanzu fulor. Fotometar ku tana auna shi da wani jan magani mai suna SPADNS: 10.0 mL na samfur, 2.0 mL na maganin, a jira minti guda. Fulor kashe jan yake yi, gwargwadon yawansa gwargwadon koɗewar launi. Tunda ragin launi ake aunawa, in pipet ta rage maganin ko kwalbar tana da ɗigon ruwan wanki, na'ura za ta ɗauka fulor ne. Zafin samfur da na blan, wato tataccen ruwan da ake mai da na'ura sifiri da shi, kada su bambanta da fiye da digiri guda. Babbar matsalar kuma hanyar a 2.0 mg/L take tsayawa. Ruwa irin na Tibiri sai an sirka shi, misali 5 mL a cika zuwa 25 mL a ninka sakamako da biyar, kowane kuskure ma ya ninku da biyar. Alminiyom yana rage sakamakon, fosfat da salfat suna ƙara shi. Wanda zai yi amfani da hanyar ya nemi sabon haɗin da ba arsenik a ciki.

Shawararmu ita ce elektrod ɗin fulor da mitarsa, ko da an rage wani abu a samu kuɗinsa. Yana karanta daga ƙasa da 0.1 har ɗaruruwan mg/L ba sirki, launin ruwa ko gurɓacewarsa ba sa damunsa. Etalon, wato ruwan da aka san ƙarfinsa, kuna iya haɗawa da kanku: a busar da garin sodiyom fuloraid a digiri 110 na awa biyu, a auna giram 2.210, a narkar a cika lita guda, ya ba da 1000 mg/L. A ajiye a kwalbar roba, don fulor yana cin gilashi. Daga ciki 1 mL a cika 100 mL ya ba da 10 mg/L, daga wannan kuma 10 mL a cika 100 mL ya ba da 1 mg/L. Kowane etalon da kowane samfur ana haɗa shi rabi da rabi da ruwan TISAB II, misali 25 mL da 25 mL, a kofin roba. Wannan ruwa shi ke riƙe pH tsakanin 5.0 da 5.5, ya daidaita gishirin, ya kuma ƙwato fulor ɗin da alminiyom da ƙarfe suka riƙe. Wanda ya tsallake shi don tsimi, lambar da zai gani ba ta da ma'ana. A fara da mai rauni a ƙare da mai ƙarfi. Tazarar da ke tsakanin 1 da 10 mg/L ta kasance milibolt 54 zuwa 60 a digiri 25. In ta faɗi ƙasa da haka, a goge ƙwayar da ke bakin elektrod da takardar gogewarta, a sake ruwan cikinsa, a haɗa sabon etalon. Injin juya ruwa yana ɗumama kofi, sai a sa guntun kwali tsakaninsu.

Nitirat fotometa ta isar masa, amma a kula da abin da allonta ya rubuta. Na'urori da yawa suna ba da sakamako a matsayin NO3-N, wato azot ɗin cikin nitirat kaɗai, iyakar 50 kuwa ta NO3 ce. Ana ninkawa da 4.43. In allo ya nuna 20 a NO3-N, ainihin nitirat ya kusa 89, ruwan ya faɗi, alhali wanda bai lura ba zai buga masa hatimi. Hanyar garin kadmiyom tana son girgiza ta minti guda cif da ƙarfi iri ɗaya, sannan a jira minti biyar. Mai girgizar kasala ƙaramin sakamako yake samu. Gishiri mai yawa ma yana rage shi. Ragowar gwajin guba ce, a tara ta a jarka ta daban, kada ta bi kwata. A auna cikin awa 48, samfur yana cikin sanyi. Ku riƙa gaya wa masu kawo ruwa cewa tafasawa da jabel ba sa cire nitirat ko fulor, tafasawa ma ƙara musu ƙarfi take yi tunda ruwa ke tafiya su zauna.

Wani abin da ke kama da wasa: mu a nan waƙafi muke sa wa lamba, 1,5, na'urorin da suka biyo ta Kano ko suka zo daga Amurka kuwa ɗigo suke sawa, waƙafi a wurinsu dubu yake rabawa. Wanda ya kwashe 1,500 daga wannan takarda zuwa waccan kwamfuta yana iya mai da ɗaya da rabi dubu da ɗari biyar. Ku zaɓi salo guda, ku rubuta shi a saman kowace takardar sakamako.

Ƙwayoyin cuta su ne za su fi kawo muku aiki. Hanya biyu ce a gabanku. Ta tacewa: a bi da 100 mL ta matata mai ramin 0.45 µm, a ɗora ta kan auduga mai abincin ƙwayoyin, a bar ta awa ɗaya zuwa huɗu su farfaɗo, a sa a inkubeta, akwatin renon ƙwayoyi, a digiri 44 na awa 16 zuwa 18, a ƙirga ɗigo masu ruwan ɗorawa da zarar an buɗe, don launin yana sauyawa in sun huce. Akwatin DelAgua da ire-irensa haka suke aiki, da batir, sun dace da fita Dakoro ko Mayahi. Kofin tacewarsu da metanol ake ƙona shi a rufe minti 15, don metanol in ya ƙone ba isasshiyar iska shi ke ba da hayaƙin da ke kashe ƙwayoyi. Alkol ɗin kantin magani ba ya ba da wannan hayaƙi, kada a musanya. Ruwan rijiya mai laka yana toshe matata, sai a tace 10 mL ko 1 mL a yi lissafi. Hanya ta biyu ita ce garin Colilert: a zuba cikin 100 mL, a juye a farantin Quanti-Tray mai ramuka 51 ko 97, a liƙe, a sa a digiri 35 na awa 24. Ramin da ya yi ruwan ɗorawa yana da kolifom, dangin ƙwayoyin da E. coli ke cikinsu, wanda kuma ya haskaka shuɗi a ƙarƙashin fitilar 365 nm yana da E. coli. Ta fi sauƙi da tabbas, ta fi tsada a kowane samfur.

Ga inda zafin Afrilu da Mayu ke shigowa. Inkubeta ta gargajiya ɗumamawa kawai ta iya. In ɗaki ya kai digiri 40, ba yadda za ta riƙe 35. Ko dai ku sayi mai sanyayawa da ɗumamawa, ko ta zauna a ɗaki mai kilim da ba ya mutuwa, kuma a sa ma'aunin zafi mai rubuta tarihi a ciki don ku san abin da ya faru da dare lokacin da aka ɗauke kuran. Kwalbar samfur ta zama wadda aka kashe wa ƙwayoyi, mai tiyosalfat (maganin da ke kashe kulor) a ciki in ruwan yana da kulor, in ba haka ba kulor zai ci gaba da kisa a hanya ku sami sifiri na ƙarya. A ƙona bakin famfo, a bar shi ya zuba minti biyu zuwa uku, kada a cika kwalba fal, a sa a kula mai ƙanƙara, a fara aiki cikin awa 6, in ya yi nisa kada ya wuce 24.

Sauran awon a bakin rijiya ake yin su: pH, ƙarfin ɗaukar lantarki, gurɓacewa (lakar da ke hana ruwa zama garau) da kulor. Elektrod ɗin pH a ruwan gishirin KCl yake kwana, ba a tataccen ruwa ba, in ya bushe da hunturu ya tafi. A saita shi da etalon mai pH 7.00 da 4.01 ko 10.01, mitar lantarki kuma da mai 1413 µS/cm. Gurɓacewa kada ta wuce NTU 5, ƙasa da 1 aka fi so kafin a sa kulor. Kulor ana son 0.5 mg/L bayan minti 30 da sawa, kada ya gaza 0.2 a bakin famfon ƙarshe. Lokacin kwalara ana ɗaga shi zuwa 1.0 a famfunan unguwa, 2.0 a tanka lokacin cikawa. Ƙwayar DPD, wadda ake auna kulor da ita, tana da yaudara: in kulor ya wuce wajen 10 mg/L, ja yana walƙawa ya ɓace, ma'aikaci ya rubuta sifiri ya sa a ƙara jabel. Wanda ya ga walƙiyar nan ya sirka ya sake. Masu sashe kuma ku koya musu auna ƙarfin lantarki kafin matatar osmos da bayanta kullum. In ragin ya gaza kashi 90 cikin 100, matatar ta fara sakin fulor da nitirat. Fitilar UV ɗinsu tana ci gaba da ba da shuɗin haske bayan ƙarfin kisanta ya ƙare, a sauya ta duk shekara.

Sai ƙarafa, don ba mu ce ba su da muhimmanci ba. Ana haƙar zinariya a yankin Ɗan Isa, kuma kowa ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Iyakar dalma da arsenik a ruwan sha mikrogiram 10 ce a lita, zaiba 6, kadmiyom 3. Wannan ƙanƙanta ita ke raba na'urori. Na'urar AAS mai harshen wuta, mai auna ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, tana da kyau ga ƙarfe, manganis, tagulla, zink da kalsiyom, amma ba ta sauka ƙasa sosai ta tabbatar da dalma a 10 µg/L ba, sai an haɗa mata murhun girafit mai ɗaukar ɗigon 20 µL, shi kuma argon yake so. Asetilen ɗinta ba na masu walda ba ne, ba a bi da shi ta bututun tagulla don haɗin yana fashewa, kuma ana sauya tukunya tun matsinta bai faɗi ƙasa da bar 6 ko 7 ba, kada aseton ya biyo ya ci bututun na'ura. ICP-OES, wato ICP mai auna hasken da ƙarafa ke fitarwa, tana karanta ƙarafa ashirin ko fiye a zama ɗaya, sai dai tana shan argon kamar lita 15 a minti. Tukunya mai lita 50 da matsin bar 200 tana ɗauke da gas wajen lita 10,000. Ku yi lissafin: awa 11, har da rabin awar ɗumama na'ura a kowane kunnawa. Ku tambayi kanku daga ina tukunya ta gaba za ta zo, kwana nawa za ta yi a hanya da duwan. Ga injin sanyaya ruwa, ga bututun fitar da hayaƙi, ga ɗakin da zafinsa ba ya hawa da sauka. ICP-MS, ɗayan nau'in ICP mai ganin nanogiram, ta fi haka shagwaɓa.

Sababbin kaya biyu ne suka cancanci a dube su don wuri irin namu. Ɗaya MP-AES, wadda kamfanin Agilent ya fito da ita a 2011: da azot take ƙona samfur, azot ɗin kuma daga iskar waje wani inji ke tace shi, argon kaɗan take so na kunnawa. Ƙarfinta yana tsakanin AAS mai harshen wuta da ICP-OES, arsenik sai an ƙara mata na'urar haidiraid, kwamfuresonta kuma yana son busasshiyar iska marar ƙura. Ɗayan kuma ƙaramar na'urar boltametiri ta hannu, mai tara ƙarfen a kan elektrod na zinariya ko bismut sannan ta sake shi ta auna. Tana kaiwa wajen 1 µg/L a arsenik, dalma da kadmiyom, ba gas, da batir. Samfur ɗaya-ɗaya take yi, tagulla kuma tana rikita mata awon arsenik, amma ga labo mai samfur goma a mako ta wadatar. Bindigar XRF mai gano ƙarafa da hasken X, irin wadda aka auna ƙasar ƙauyukan Zamfara da ita, ta ƙasa ce da dutse da fenti, a busar a tankaɗe kafin a harba. A miligiram cikin kilo take gani, iyakar ruwan sha ta fi ƙarfin idonta nesa ba kusa ba.

A shekarar farko dai, aika samfurin ƙarafa ya fi sayen na'ura. A wanke kwalbar roba da asid nitirik mai kashi 10, a ɗauraye da tataccen ruwa, a zuba samfur, a sa asid nitirik mai tsabtar awon ƙarafa kamar 1.5 mL a lita har pH ya sauka ƙasa da 2. In narkakken ƙarfe ake nema, a tace da 0.45 µm kafin asid, ba bayansa ba. Haka yana ajiyuwa wata 6, zaiba kwana 28. A tura Yamai, labon gwamnati na LANSPEX ko wani labo mai kayan, tare da kwalba guda ta tataccen ruwa mai asid ɗin da ba a gaya musu mece ce ba. In dalmar famfon gida ake zargi, ruwan farko na asuba ake ɗauka ba a zubar ba. Littafin da kuka rubuta yawan waɗannan aike a ciki shi zai nuna muku, bayan shekara, ko na'urar za ta biya kuɗin sabulu.

Kuɗin da ICP za ta cinye ku zuba shi a ɗaki. Tataccen ruwa tukuna: osmos da resin mai ba da ƙasa da 1 µS/cm, don ƙarafa kuma mai 18.2 MΩ·cm. Ruwan batir na kasuwa ba ya cikin lissafi. Kuran ta bi ta regilater da ondiler mai aiki ba yankewa kafin ta kai kowace na'ura, a kafa waya ta ƙasa ta gaske, sola da batir su riƙe firijo da inkubeta, don layin da ke ba mu wuta daga Najeriya yake zuwa kuma an ga yadda aka yanke ta a Agustan 2023. Lokacin da grup ke karɓa da saki ne allunan na'ura suka fi ƙonewa. Ƙofa biyu, tagogi a liƙe, sikeli a kan teburin kankare nesa da iskar kilim. Magungunan fotometa akasari ƙasa da digiri 25 ake son ajiye su. Garin da ya dunƙule ko ya sauya launi a zubar, ko da kwanan watansa bai cika ba. Ku ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jarin don magunguna, etalon da kayan sauyi.

Kowane zaman awo ya ƙunshi blan, etalon na wani kamfani daban da wanda aka yi saiti da shi, samfur guda cikin goma a maimaita, guda kuma a ƙara masa sanannen adadi a ga ko kashi 90 zuwa 110 ya dawo. In kun auna manyan gishirai duka, jimillar masu caji (+) da ta masu caji (−) a meq/L kada su bambanta da fiye da kashi 5, kuma kowace jimilla in an ninka ta da 100 ta kusanci ƙarfin lantarkin ruwan a µS/cm. Ruwa mai 400 µS/cm da lissafinsa ya ba da 2 meq/L, akwai abin da aka manta ko aka auna ba daidai ba.

Dillalin kuma ku sa ya amsa a rubuce: wa zai zo ya kafa, daga wane gari mai gyara zai taso kuma a kwana nawa, ko fotometar tana karɓar maganin wani kamfani ko hanyar da kuka shigar da kanku, wata nawa ya rage wa magungunan ranar da za su iso Maraɗi, littafin da Faransanci yake ko da Turanci, wutar 220 V da 50 Hz ce. Ranar da kaya suka iso, kada ku sa hannu a takardar karɓa sai mai kafawa ya auna etalon ɗinku na 1.0 mg/L fulor da na 50 mg/L nitirat a gabanku, sau uku kowanne, ba tare da kun gaya masa ƙarfinsu ba.